Masallacin Kampung Laut na Ƙasar Kelantan: Tarihinsa da Gininsa

A gefen arewa maso gabas na zirin ƙasar nan da a da a ke kira Malaya, wadda yanzu ta ke cikin tarayyar Malesiya, akwai wata ƙasar sarauta mai suna Kelantan. Babban birninta shi ne Kota Baru, yana bakin Kogin Kelantan, 'yan mil kaɗan kafin kogin ya faɗa cikin teku. In mutum ya shiga kwalekwale daga birnin ya ɗan gangara ya ƙetare zuwa ɗaya gaɓar, sai ya sauka a wani ƙauye da a ke ce da shi Kampung Laut, watau Ƙauyen Teku da harshen Malayu. Ƙauyen ya yi suna da abu biyu. Na ɗaya wani irin nama ne da matansu ke soyawa har ya dagargaje, suna kiransa serunding, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai ce dambun nama ne. Na biyu kuwa masallacinsa, wanda masana da yawa suka ɗauka shi ne mafi tsufa cikin masallatan katako da suka rage a Malesiya.

Mai karatu wanda ya saba da masallatan ƙasarmu, in aka nuna masa hoton wannan gini ba a gaya masa kome ba, da wuya ya ce masallaci ne. Ba shi da ƙubba, ba shi da bangon ƙasa ko na dutse, ba ya ma zaune a ƙasa, a kan dirkoki ya ke tsaye kamar rumbu. Rufinsa hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har su ƙare da tsini guda a bisa. An taɓa kwance shi ɗungum, gungume bayan gungume, aka kai shi wani gari aka sake haɗawa. Bayan shekara hamsin da 'yan kai kuma aka sake kwance shi aka komo da shi gida.

Tambayar da kowa ya kan fara yi ita ce, yaushe aka gina shi? Amsoshin da a ke bayarwa sun yi nisa da juna har wajen shekara ɗari uku. Nufina cikin wannan takarda in nuna cewa ba sakacin marubuta tarihi ne ya kawo wannan saɓani ba, halin ginin kansa ne ya kawo shi, gama abu uku ne suka taru a ke kiransu da suna ɗaya: akwai wurin salla da aka fara kafawa, akwai katakon da ke tsaye yau, akwai kuma siffar da aka bi aka yi ginin. Kowannensu da nasa shekaru.

Labarin baka

Abin da mutanen wurin suka gada daga kakanninsu shi ne, wai waɗansu malamai masu yaɗa addini suna tafiya cikin jirgin ruwa tsakanin tsibirin Jawa da ƙasar Campa, sai jirginsu ya fara yoyo a tsakiyar teku. Da suka ga halaka ta gabato, sai suka yi bakance cewa in Allah ya fisshe su, duk inda suka fara taka ƙasa za su gina masa ɗaki. Ruwa ya koro su bakin Kogin Kelantan, suka gyara jirginsu, suka cika alkawari. An ce masallacin nan na fari ginshiƙi huɗu ne kawai, aka baibaye shi da ganyen wani irin kaba na bakin ruwa. Masu ba da wannan labari su kan haɗa shi da zamanin waliyyan nan tara na Jawa, waɗanda a ke kira Wali Songo, da kuma babban masallacin Demak da a ke danganta gininsa gare su. Bisa ga lissafin Jawawa an gina na Demak wajen 1479. In an bi wannan hanya, to, masallacin Kampung Laut na ƙarni na 15 ke nan.

Irin wannan labari na matafiyi da ya tsira daga ruwa ya kafa wuri mai tsarki yana da yawa a duniya, saboda haka bai kamata a karɓe shi kamar yadda a ke karɓar takardar alƙali ba. Amma kuma kuskure ne a yar da shi duka. Campa ƙasa ce ta gaske, tana bakin tekun da yanzu ya ke tsakiya da kudancin Biyetnam. Harshen mutanenta, watau Cam, ɗan'uwan harshen Malayu ne na kusa, asalinsu ɗaya. A shekarar 1471 sarkin Biyetnam ya ci babban birninsu Bijaya da yaƙi, mutanensu da yawa suka watsu zuwa ƙasashen maƙwabta. Hanyar jirage daga Campa zuwa Jawa kuwa ta gaban bakin tekun Kelantan ta ke bi. Har yau kusa da Kota Baru akwai wuri mai suna Pengkalan Cepa, inda filin jirgin sama ya ke, sunan kuwa a kan fassara shi da mashigar mutanen Campa. Zumuncin bai yanke da wuri ba: Katip Sumat, malamin Cam ɗin da ya ta da jihadi a kan sarkin Biyetnam Min Mang a 1833, a Kelantan ya yi karatu. Saboda haka mutanen da labarin ya ambata da hanyar da ya ce sun bi duk tarihi ya san da su. Abin da labarin bai iya ba mu ba shi ne shekara.

Akwai wata shaida kuma da ta nuna ba abin mamaki ba ne a sami wurin salla a wannan gaɓa tun ƙarni na 15. A ƙasar Terengganu, wadda ke maƙwabtaka da Kelantan ta kudu, ambaliya ta tone wani dutse mai rubutu a Kuala Berang a ƙarshen ƙarni na 19. Rubutun da harshen Malayu ne cikin baƙaƙen Larabci, irin wanda su ke kira Jawi, kamar dai yadda mu ke da ajami. Yana shelar dokokin Musulunci da wani sarki ya kafa wa talakawansa. Shekarar da ke jikinsa mafi yawa suna karanta ta 702 ta Hijira, watau 1303, ko da ya ke gefen dutsen ya guntule daidai wurin lissafin, har waɗansu suka ce tana iya zama kowace shekara daga nan zuwa 789. Ko wace aka ɗauka, Musulunci ya riga ya kai ga fadar sarki a wannan gefe tun ƙarni na 14, kafin a san daular Malaka.

Duk da haka masana tarihin Kelantan da yawa ba su kai ginin da ke tsaye yanzu baya da farkon ƙarni na 18 ba, wajen 1730. Wannan ya sa shi tsara ɗaya da tsofaffin masallatan birnin Malaka: na Kampung Hulu da na Tengkera, waɗanda a ke ba su shekarar 1728, da na Kampung Kling na 1748. Mai karatu zai yi mamaki, ƙaƙa Malaka, wadda ta zama cibiyar Musulunci a wannan yanki tun ƙarni na 15, ba ta da masallacin da ya wuce 1728? Dalili shi ne, da Turawan Fotugal suka ci birnin a 1511 ƙarƙashin Albukerki, sai suka rushe babban masallacin, suka kwashe duwatsunsa da na kaburburan sarakuna suka gina ganuwarsu. Sai a zamanin Turawan Holanda, waɗanda suka karɓe birnin a 1641, aka sake samun damar gina manyan masallatai. Kelantan kuwa ba ta ga irin wannan rushewa ba. Abokan gabar gini a can su ne ruwa da gara da ruɓewa.

Yadda aka gina shi

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan amsar ta ke. Itacen da aka yi aikin da shi sunansa cengal, yana fitowa a kurmin zirin Malaya da kudancin Tailan. Itace ne mai nauyi da tauri ƙwarai, gara ba ta cinsa da sauƙi, damshi kuma ba ya saurin ruɓar da shi, shi ya sa da shi su ke sassaƙa jiragen ruwa da fadojin sarakuna. Tsawon masallacin da faɗinsa kusan ɗaya ne, ba kamar namu ba da a kan miƙa su ta gefe domin sahu ya yi tsawo. A tsakiyar ɗakin akwai manyan ginshiƙai huɗu, su ne suka tashi tun daga ƙasa suka ratsa daɓen katako suka ɗauki hawan rufi na can bisa. Su a ke kira tiang seri. Waɗansu ginshiƙai da ba su kai su tsawo ba suka kewaye su suka ɗauki hawa na biyu, waɗansu kuma gajeru suka kewaye waɗannan suka ɗauki na ƙasa. Watau rufin nan mai hawa uku ba ado ne aka ɗora daga baya ba. In kana son ɗaki mai faɗi, gungumen da ke hannunka kuwa tsawonsa yana da iyaka, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka kafa huɗu a tsakiya ka yi ta ƙara zobe a kewaye, kowane zobe da rufinsa.

Wannan dabara ta zo da wani amfani. Tsakanin hawa da hawa akwai rata, ta nan iska mai zafi ke fita, haske kuma ya shigo. Ƙasar nan ruwan sama ya yi mata yawa, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kaɗowa daga teku, zafinta kuma mai gumi ne, ba irin namu mai bushewa ba. Bangon ƙasa mai kauri da ke sanyaya ɗaki a Kano, a can sai ya jiƙe ya zube. Abin da su ke bukata shi ne rufi mai gangara sosai domin ruwa ya zurare, da lema mai faɗi ta kare bango, da daɓe a sama da ƙasa domin ambaliya ta wuce ta ƙarƙashi. An rufe shi da ƙananan fallayen gasasshen yumɓu marasa kauri, suna kiransu singgora, da sunan garin Songkla na kudancin Tailan, wanda Malayu ke ce wa Singgora. A ƙwanƙolin rufin akwai sassaƙaƙƙen itace mai tsini da a ke kira buah buton.

Babban abin lura shi ne yadda aka haɗa itatuwan. Ba da ƙusar ƙarfe aka kafa gangar jikinsa ba. Masassaƙi ya kan huda ginshiƙi, ya fiƙe bakin gungumen da zai gitta, ya zura shi cikin hudar, sa'an nan ya buga tsinken itace ya matse. Wannan aiki su ke kira tebuk pasak, watau huda da tsinke. Ƙarfe a ƙasa mai gishirin teku tsatsa ya ke yi ya ɓata itacen da ke kewaye da shi, tsinken itace kuwa tare da ginshiƙin ya ke kumbura ya motse. In wani gungume ya lalace, sai a fid da tsinken, a zare shi, a sassaƙa wani kamarsa a mayar. Gidajen Malayu na gargajiya duk haka a ke yinsu, har ma al'ada ce a can in mutum zai ƙaura, maƙwabta su taru su ɗaga ƙaramin gida a kafaɗa su kai masa sabon wuri, babba kuwa a kwance shi a ɗauka.

To, ginin da aka yi shi domin a riƙa musanya gaɓoɓinsa, ina ranar haihuwarsa? An san cewa cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, bayan Sarki Muhammadu na II ya kafa Kota Baru a 1844 ya mai da ita mazaunin sarauta, masallacin ya zama wurin da sarakuna da malamai ke taruwa, aka faɗaɗa shi, aka ƙara ginshiƙai, aka yi masa hasumiya ta katako da baranda da wurin tara ruwan alwala. Saboda haka abu mai yawa cikin abin da ido ke gani yau bai wuce shekara ɗari da hamsin ko ɗari da saba'in ba. Ko da za a yanki ɗan guntun ginshiƙi a auna shekarunsa da na'ura, abin da za a samu shi ne lokacin da itacen ya rayu, ba lokacin da aka fara kiran salla a wurin ba. Ni a ganina babu faɗa tsakanin mai cewa ƙarni na 15 da mai cewa na 18. Na farko yana maganar wurin salla ne da labarin kafa shi, na biyu yana maganar gangar ginin da aka faɗaɗa daga baya.

Mu a nan mun san irin wannan matsala ta wata fuska. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da yaɓe ya rayu, kowace shekara a ƙara masa sabuwar ƙasa a kan tsohuwa. Ginin ƙasa da gyara a inda ya ke ya ke daɗewa, ba shi ɗaukuwa, shi ya sa da aka so kare abin da ya rage nasa cikin shekarun 1970 sai aka lulluɓe shi da sabon gini. Na katako kuwa, in wurin ya ƙi, sai ya tashi.

Asalin rufin, da abin da harshe ya nuna

Siffar ginin ita ce ta fi kome tsufa, ta kuma girmi Musuluncin ƙasar. Rufi mai hawa hawa a kan ginshiƙi huɗu shi ne a Demak, shi ne a Banten, shi ne a tsofaffin masallatan Sumatra da na Malaka, ko da ya ke na Malaka bangonsu na tubali ne, hasumiyoyinsu kuma sun ɗauko kamar hasumiyar Sinawa. Masanan Holanda sun yi ta gardama a kan inda aka samo shi. Stutterheim ya ce daga babbar rumfar taro ta tsibirin Bali ne, wadda a ke kira wantilan. Pijper ya ce daga ɗakunan bauta na Jawa ne na kafin Musulunci. De Graaf kuwa ya duba yamma, ya nuna masallatan katako na gaɓar Malabar a Indiya, inda fataken Musulmi ke tasowa. Malaman ƙasar su kuma suna da tasu fassara, su kan ce hawa ukun nan Musulunci ne da imani da ihsani, waɗansu su ce shari'a da ɗariƙa da haƙiƙa. Wannan fassara kyakkyawa ce wajen karantarwa, amma ba ta gaya mana asali ba, gama a Bali, inda har yau addinin Hindu a ke bi, akwai ɗakunan bauta masu rufi hawa uku da biyar har goma sha ɗaya, suna kiransu meru.

A nan ina ganin mai nazarin harshe yana da abin da zai ƙara. In aka jera sunayen sassan masallacin da harshen Malayu, sai su rabu gida biyu sarai. Duk abin da ya shafi aikin masassaƙi sunansa na gida ne: tiang ginshiƙi, lantai daɓe, atap rufi, pasak tsinke, serambi baranda. Duk abin da ya shafi tsarin salla kuwa Larabci ne: masjid, mihrab, mimbar, kiblat, imam, khatib. Mai kiran salla ma bilal su ke ce masa, da sunan Sayyidina Bilalu. Wannan ya nuna baƙin da suka kawo addini sun kawo abin da za a yi a cikin ɗakin ne, suka bar wa masassaƙan gari su yi ɗakin yadda suka iya. Kalmar seri da ke cikin tiang seri daga Sanskirit ta ke, tsohon harshen littattafan Indiya, ma'anarta daraja ko albarka, tana kuma cikin sunan babban ginshiƙin kowane gidan Malayu, ba na masallaci kaɗai ba.

Abin ma ya wuce gini. Kalmar da Malayu suka daɗe suna kiran salla da ita ita ce sembahyang, daga sembah, watau durƙusawa ko girmamawa, da hyang, sunan abin bauta na zamanin da. Azumi puasa su ke cewa, aljanna syurga, wuta neraka, addini kansa agama, duka huɗun nan daga Sanskirit. Ba wanda zai ce Bamalaye mai azumin Ramadan addinin Hindu ya ke yi don ya ce puasa. Tsohuwar kalma ce aka zuba mata sabuwar ma'ana, yadda mu ma muka ɗauki uban giji, watau mai gida, muka ce Ubangiji. Haka rufin nan ya ke. Mu kuwa da muka ari yawancin kalmominmu na addini daga Larabci, sai muka ƙera sunan ɗakin da kanmu: daga salla aka sami sallata, aka sa mata ma- a gaba aka ce masallaci, kamar yadda a ke cewa masauƙi ko mazauni. Har hanyar da addini ya biyo tana fitowa a bakin mutane. Su suna cewa menara, daga manara ta Larabcin gabas, mu muna cewa hasumiya, daga sauma'a, yadda mutanen Magrib ke kiranta. Su Shafi'iyya ne irin na Yaman da gaɓar Indiya, mu Malikiyya irin na arewacin Afirka. Mu gabas mu ke duba in za mu yi salla, mihirabin Kampung Laut kuwa yamma ya ke duba, ya ɗan karkata arewa.

Wani abu da ya kamata malaman makaranta su riƙe, domin yara su kan zana ƙubba da zarar an ce su zana masallaci: ƙubba baƙuwa ce a ƙasashen Malayu, ba ta yaɗu ba sai a zamanin Turawa. Babban masallacin Ace a Sumatra mai rufi hawa hawa ne har ya ƙone cikin yaƙin da Holanda ta kai musu, Turawan Holanda ne suka sake gina shi da ƙubba tsakanin 1879 da 1881. Masallacin Jamek na Kuala Lumpur, wanda aka buɗe a 1909, da na Ubudiya a Kuala Kangsar, wanda aka gama a 1917, duka wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Hubback ya zana su, ya kwaikwayo ginin sarakunan Mugal na Indiya. Watau abin da mutane da yawa yanzu su ke gani shi ne ainihin kamar masallaci, ofishin ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka ne ya yaɗa shi, wanda a ke gani kamar baƙo kuwa shi ne ɗan gida. Kelantan ta shiga hannun Ingila a 1909, bisa ga yarjejeniyar da aka yi da Siyam. Ba a daɗe ba, cikin shekarun 1920, aka sāke babban masallacin Kota Baru na katako da ginin siminti, shi ne wanda a ke kira Muhammadi. Na Kampung Laut ya tsira ne don yana ƙauye, a hayin kogi, sarauta ta riga ta bar shi a baya.

Ba don ƙarancin ilmi Kelantan ta riƙe tsohuwar siffa ba. Ƙasa ce ta malamai, har a ke mata kirari da Serambi Mekah, watau barandar Makka. Makarantunta na pondok, inda almajirai ke kafa 'yan bukkoki kewaye da gidan malami, sun yi kama da tsangayunmu. Shahararren malaminsu Tok Kenali, wanda ya rasu a 1933, ya yi shekaru wajen ashirin yana karatu a Makka. Mutanen da suka ga Harami da idonsu ne suka yi ta salla a ƙarƙashin rufin nan ba su ga aibinsa ba.

Ambaliya da ƙaura

Kogin da ya kawo masu ginin shi ne ya so ya cinye shi. A 1926 aka yi babbar ambaliyar da mutanen Kelantan ke kira Bah Merah, watau jar ambaliya, saboda launin laka da ruwan ya ɗebo daga tuddai. Masallacin ya tsaya. Amma kogin ya yi ta zaizayar gaɓa shekara da shekaru, har ambaliyar ƙarshen 1966 zuwa farkon 1967 ta zo ta tafi da sashen da ke kusa da ruwa, ta bar sauran a karkace, yashi ya binne ƙafafunsa. Ƙungiyar Tarihi ta Malesiya ta nemi izni ta ɗauki nauyin ceto shi. A 1968 aka kwance shi aka kai Nilam Puri, kudu da Kota Baru, cikin harabar wata babbar makarantar addini, wadda daga baya ta zama reshen Jami'ar Malaya. Aka sake haɗa shi, aka musanya abin da ya lalace, aka miƙa shi ga gwamnatin Kelantan a watan Mayu na 1970, zamanin da Muhammad Asri ke babban minista.

Ba shakka wannan aiki shi ya ceci ginin, ba domin shi ba da yanzu sai dai a hoto. Amma an biya wani abu. Masallacin da labarinsa duka na jirgi ne da bakin kogi ya koma tsakiyar tudu, inda ba a ganin ruwa, yana ɗauke da sunan ƙauyen da ba ya cikinsa. Ɗalibai sun same shi suna salla a ciki, wannan kuwa alheri ne, gama ginin katako da ba a shiga shi ya fi saurin mutuwa. Jikokin waɗanda suka gina shi kuwa sai sun yi tafiya su gan shi. In da a ce darajarsa a katako kaɗai ta ke, da ba wanda zai damu da inda aka ajiye shi. Kiran da aka yi ta yi na a mai da shi ya nuna mutanen wurin ba haka suka ɗauke shi ba.

Ya shekara hamsin da 'yan kai a Nilam Puri. A can ya ke sa'ad da ambaliyar Disamba ta 2014, wadda suka sa wa suna Bah Kuning, ta mamaye Kelantan. Tsakanin 2020 da 2022, cikin wani shiri na raya ƙauyen Kampung Laut da kayan tarihinsa, aka sake fid da tsinkayen, aka yi wa kowane gungume da kowane allo lamba domin a san mazauninsa, aka ɗauko su aka komo da su gundumar Tumpat. Ba a kafa shi a bakin gaɓar da kogi ya riga ya ci ba, an tanadar masa fili a cikin ƙauyen, kusa da rumfunan masu sayar da serunding, aka kuma buɗe shi ga masallata a 2022.